Motar da Muka Walda a Muciya da Neman Ajin da Zai Karɓe Ta

Sikelin auna masara muka ara, guda huɗu, daga wani sito a Ɗan Magaji. Muka jera su a dandamalin gareji, muka turo motar a kan katako har kowace taya ta hau nata. Ƙanena yana durƙusawa yana karanto lamba, ni ina rubutawa a takardar buhun siminti. Da na tara, kilo 680 ya fito, ba direba, mai ma bai kai rabin tanki ba. Kuma mafi yawan nauyin nan a kan tayoyin gaba yake. Na daɗe ina kallon takardar, domin irin wannan mota a inda aka ƙirƙiro ta ba ta cika wuce kilo 600 ba, kuma rashin nauyin nan shi ne duk abin da take taƙama da shi.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, 'yar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, tayoyin gabanta a waje suke kamar na tarakta, direba kuwa kusan a ƙasa yake zaune, dab da tayar baya. Asalinta Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera ta, har yau kuma yana sayar da ita, ko a haɗe ko a warwatse mutum ya haɗa abarsa a gida. A 1996 wani Bature, Ron Champion, ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai walda ƙwarangwal ɗin irinta da hannunsa, sauran kaya ya ciro daga tsohuwar Ford Escort. Masu bin wannan hanya Locost suke kiran motarsu, ita na bi.

Ni malamin aikin ƙarfe ne a wata makarantar koyon sana'a, don haka yanka da awo da walda ba baƙona ba ne. Ƙwarangwal ɗin a nan muka yi shi, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 25, kaurin milimita 1.6. Abin da ba za mu iya yi da kyau ba, wato hancin motar da murafen tayoyi da hannuwan gaba da shokazoba, wani ɗan'uwana da ke Ingila ya sako mani su a kwantenar wani ɗan kasuwa. Aikin kuwa a garejin wani dattijon bakanike muka yi shi a Muciya, cikin Zariya, wanda kowa ke kira Baba. Shi ya koya mani riƙe sifana tun ina firamare.

Da aka zo maganar inji, Baba ko tunani bai tsaya yi ba. Ya ce, "Malam, ka sa injin Fijo ka huta. Ko a Giwa ta tsaya maka, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai tayar da ita."

Maganarsa tana kan hanya. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma babu bakaniken da ya kai shekara arba'in a Zariya da bai buɗe cikin injin 504 ba. Ga kayansa birjik a Sabon Gari. Sannan 504 da tayoyin baya take ja, yadda motata take buƙata, saɓanin yawancin ƙananan motocin da suka cika titi yanzu masu ja da tayoyin gaba. Na sayi injin mai cc 1971 (cc shi ne ma'aunin girman inji) da giyabos ɗinsa, na haɗa da aksul ɗin bayan wata a-kori-kura. Wata uku muka yi muna fama kafin ya zauna. Injin 504 a karkace yake zama, yana kwanto gefe guda, ƙwarangwal ɗin kuwa siriri ne, sai da muka yanke bututu ɗaya muka zagaye shi da wasu biyu. Ya tashi lafiya, ƙararsa ma daɗin ji. Amma ko a 'yar hanyar bayan gareji, idan na karya sitiyari sai in ji hancin yana son miƙewa gaba abinsa. Sikelin masara ne ya bayyana mani dalili.

Gasa nake son shiga da ita, amma duk wannan fa ban karanta ƙa'idar kowace gasa ba. Na riga malam masallaci.

Takardar ƙa'idojin ta WhatsApp ta iso mani, daga wata ƙungiyar masu sha'awar mota da ke shirya gasar gwajin lokaci a wani fili mai kwalta a wajen Kaduna. Ba tseren kafaɗa da kafaɗa suke yi ba. Ana jera robobin alama su zama hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya take shiga a lokaci guda, agogo ne alƙali. Aji uku suka ware. Na farko motocin da injinsu bai wuce cc 1600 ba, na biyu har cc 2000, na uku buɗaɗɗe, kowa da kowa. Da na ga haka hankalina ya kwanta, na ce 1971 ai aji na biyu ne. Sai can ƙasa na ci karo da layin da ya ce motar da za ta shiga aji na farko ko na biyu dole ta kasance da bodi da ƙwarangwal na kamfanin da ya ƙera ta.

Na kira mai duba motocinsu a waya, wani injiniya mai sanyin magana. Bayan gaisuwa na bayyana masa abin da nake da shi.

Ya ce, "Malam, wane kamfani ne ya ƙera ta?"

Na ce, "Yallaɓai, mu muka walda ta a nan Zariya."

Ya ce, "Allah ya sa albarka. To buɗaɗɗen aji za ka shiga ke nan."

Na tambaye shi su wa ke ciki. Ya lissafo mani BMW masu silinda shida, wasu an ɗora musu turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara ƙarfi, da wata Subaru mai ja da taya huɗu. Motata mai ƙarfin doki da bai kai 100 ba, mai nauyin hanci, ita za ta kara da waɗannan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina ganin an yi mani rashin adalci. Daga baya na zauna na bincika yadda ake yi a ƙasashen da suka daɗe a harkar, sai na tarar kowa ya sha fama da wannan tambayar. A Amurka, ƙungiyar SCCA da ke shirya irin wannan gasa ta zagaye robobi ba ta haɗa motar da aka ƙera a gida da motocin kamfani, tana tura ta rukunin waɗanda aka sauya wa halitta, can ma a raba su da girman inji. A Ingila kuwa, ƙungiyar 750 Motor Club, wadda aka kafa tun 1939 don masu tsere da ƙaramin aljihu, gasa guda ta ware wa Locost kaɗai, kuma inji ɗaya ta yarda da shi, tsohon injin Ford mai cc 1300 irin na Escort. Kowa injinsa iri ɗaya da na ɗan'uwansa, sai hannu ya raba gardama. Masu son sa injin babur kuma an yi musu tasu gasar daban. Abin da na lura da shi, a can mutum yakan zaɓi ajin da zai shiga tukuna, ya haddace ƙa'idarsa, sannan ya je neman inji.

Sai na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Corolla mai cc 1600 nauyinta ya haura tan ɗaya, ƙarfin dokinta 100 da 'yan kai, wato kowane tan yana samun doki kamar 100. BMW 325i tana da doki wajen 190, amma tana jan kusan tan ɗaya da rabi, kowane tan bai kai 130 ba. Mota irin tawa, in ta sauko kilo 600 da inji mai doki 120, kowane tan zai samu 200. Ga shi mota marar nauyi birki ya fi kama ta, kwana ma ta fi shanta. Ashe mai Corolla da ya ƙi a haɗa shi da ni yana da gaskiya, ko da injinmu girma ɗaya ne. Kuma ashe hanyar da zan tsaya wa BMW ita ce in rage kilo, domin idan gasar girman inji ce ba zan taɓa kamo su ba.

Daga nan na yanke shawara biyu. Injin Fijo zai fita. Wanda zai maye gurbinsa kuma ba zai wuce cc 1600 ba, ko da yanzu babu ajin da zai karɓe ni a haka, domin ina da niyyar roƙon a buɗe shi, kuma ba zan je roƙo da injin da ya tsallake iyaka ba.

Injin babur ne ya fi jan raina. Suzuki Hayabusa, wanda ya fito a 1999, cc 1299 ne kawai amma dokinsa ya haura 170, kuma injin da giyabos a haɗe suke, nauyinsu duka bai kai na injin Fijo shi kaɗai ba. Yamaha R1 ma haka, cc 998. A takarda babu abin da ya kama ƙafarsu. Wani yaro mai gyaran manyan babura a Kaduna ne ya sauko da ni ƙasa. Na farko, babur ba shi da ribas, sai dai a ƙara wani akwatin giya ko motar lantarki, ko kuwa duk lokacin da ka yi kuskuren kwana a zo a tura ka. Na biyu, maganar baƙin mai. Babur yana kwantawa idan zai sha kwana, man yana zaune a gindin kaskonsa. Mota ba ta kwantawa, sai man ya gudu gefe, famfo ya zuƙi iska, kuma injin da ke juyawa sau 10,000 a minti ba ya yafe daƙiƙa biyu babu mai. Na uku, kulocinsa an yi shi ne don jan abin da bai kai kilo 250 ba. Duk waɗannan suna da magani, Turawa suna yi. Amma maganin kuɗi ne, kuma idan fistin ɗaya ya ƙone, babu shagon da zan shiga a Zariya in fito da shi. Na haƙura, ba don raina ya so ba. Har yanzu idan na ji ƙarar irin babur ɗin nan ya wuce ta Kwangila sai na waiga.

Masu Locost a Ingila da Amurka yanzu sun fi ciro inji daga Mazda MX-5, saboda tana ja da baya kuma komai nata yana shiga ba wahala. A nan kuwa zan iya ƙirga waɗanda na taɓa gani da yatsun hannu ɗaya. Injin Ford Zetec ana samu, amma mai kyansa cc 1800 ne ko 2000, giyabos ɗin Sierra da ake haɗa shi da shi kuma ya zama tarihi a kasuwanninmu.

Sai Toyota. Injin 4A shi ne a cikin Corolla da Carina E da suka cika tashoshinmu, cc 1587. Wanda ke cikin tasi 4A-FE ne, an yi shi don tsimin mai. Yana da ɗan'uwa, 4A-GE, wanda ya fito a 1983, gangar jikinsu kusan ɗaya amma kansa daban, bawul 16 masu faɗin numfashi, yana juyawa ya haura 7,000 a minti, doki tsakanin 115 da 130 gwargwadon shekararsa. Fulogi da fanbel da matatar mai duk ana samu a Sabon Gari. Da na gaya wa Baba sai ya yi shiru, can ya ce, "To, Toyota ma ba ta kunyata mutum. Amma ka sani ni waya da burenbos ba fannina ba ne." Burenbos ita ce kwamfutar da ke sarrafa inji. Na ce za mu nemo mai wayarin.

Neman ya ci wata biyu. Na je Panteka a Kaduna sau uku, kullum sai a fito mani da 4A-FE a ce ai duk ɗaya ne. Na koyi duba murfin kai: na GE murfi biyu ne a rabe, fulogi a tsakaninsu. Daga ƙarshe wani dillali ya samo mani shi ta Ladipo a Legas, an ciro daga Corolla mai ja da gaba. Giyabos ya fi wahala, domin sai T50, wanda ke zuwa a tsofaffin Corolla da Carina masu ja da baya, kuma sai mai bakin da ya dace da injin 4A. A Ƙofar Ruwa a Kano na same shi, a ƙarƙashin tulin ƙarafa, mai shagon ma ya manta yana da shi. A wurinsa na sayi aksul ɗin baya na tsohuwar Corolla, wanda mutum biyu suka ɗaga ba nishi. Na a-kori-kura sai da mu huɗu muka sauke shi.

Da muka buɗe injin, silinda ta uku tana da zane a jikinta. Muka kai wa mai rabo, wato mai faɗaɗa ramin silinda, a Tudun Wada. Ya sa ma'auni ya ce zai faɗaɗa duka huɗun da rabin milimita, a sa fistin mai girman 0.50, aikin da yake yi kullum. Har na amsa, sai wani abu ya ce mani in lissafa. Faɗin silindar 4A milimita 81 ne, tafiyar fistin 77, shi ya ba da 1587. Idan faɗin ya koma 81.5, jimlar ta zama 1607. Cc bakwai kacal, abin da bai cika cokalin miya ba, amma ya fitar da ni daga 1600.

Ya ce, "Malam, wa zai buɗe injinka ya auna?"

Na ce, "Wataƙila babu. Amma ni zan sa hannu a takarda in ce 1600 ne."

Ya yi murmushi ya ce to sai in nemo wata gangar. Haka aka yi, muka samo gangar da ba a taɓa yi wa rabo ba, aka goge cikinta kawai aka sa sabon ringi. Ya ja mani ƙarin mako uku da kuɗin da na ware wa taya. Ban yi da-na-sani ba.

Juya injin da aka yi don zaman gicciye ya koma zaman tsaye yana da nasa rigingimun. Bakin shaƙar iska da a Corolla yake kallon gefe, a tawa motar sai ya koma yana kallon gwiwar direba. Mai waldar alminiyam ya yanke shi ya mayar da shi gaba. Kaskon baƙin mai ya yi zurfi, tsakaninsa da ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba, muka rage masa tsawo, muka ƙara masa fukafukai a gefe don kada yawan man ya ragu, muka sa faranti a ciki mai hana man gudu. Lagireto sai da muka gwada uku kafin muka samu na ƙaramar Volkswagen da ya shige cikin hancin. Shi ma a zafin watan Afrilu allura ta riƙa hawa, har sai da muka toshe duk wata kafa da ke gefensa da falle-fallen alminiyam, iska ta rasa hanyar bi sai ta cikinsa. Ƙurar hunturu kuwa ta sa na ƙi yarda da buɗaɗɗiyar matatar iska da samari suke so saboda ƙara, na yi mata akwati. Wayarin ya ɗauki kwana tara a hannun wani matashi daga Samaru, wanda ya bi wayoyin burenbos ɗaya bayan ɗaya yana cire na abin da motata ba ta da shi.

Muka sake aro sikelin masara. Kilo 590. Da na zauna a ciki, nauyin gaba da na baya suka kusa yin kunnen doki. Baba ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo mani bai ce komai ba, ya je ya sayo mana tsire.

Mako biyu kafin gasar aka kira masu sababbin motoci su kawo a duba. A bayan Canter muka ɗora ta, domin ba ta da lamba, kuma ko tana da ita, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa kaskon man. Injiniyan nan ya zagaya ta sau biyu. Ya yaba waldar ƙwarangwal. Sai ya dafa ƙarfen kariya da ke bayan kan direba, ya sa yatsa ya bi jikinsa.

Ya ce, "Malam, wannan bututun ruwa ne."

Bututun ruwa ne kuwa, mai kauri, na ɗauka kaurin ya wadatar. Ya nuna mani layin ɗinkin da ke tafe a tsawonsa, ya ce idan mota ta kife ta nan yake tsagewa. Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, bututu marar ɗinki take nema, faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Ya sa na zauna da hular kwano a kaina, ya ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa gaban motar, ya ce dole hular ta kasance ƙasa da sandar da aƙalla santimita biyar. Tawa tana taɓawa. Hular ma ya ƙi ta, ta 'yan acaɓa ce. Ya ƙara da makunnin da ke yanke batir gaba ɗaya daga waje, da tukunyar kashe gobara a inda hannuna zai kai ina ɗaure da bel, da sifirin na biyu a totur don kada ya maƙale a buɗe, da zoben ƙarfe da zai riƙe furofela idan ta tsinke, tunda dab da cinyata take wucewa. A mota irin wannan babu rufi babu ƙofa, ƙarfen nan shi kaɗai ne tsakanin wuyana da kwalta. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Bututun marar ɗinki a wurin masu kayan tukunyar tururi na masana'antu muka samo shi a Kakuri.

A ranar dubawar ne na kawo maganar aji. Ban ce a sa ni cikin masu Corolla ba, na riga na san amsar kuma na yarda da ita. Na roƙi a buɗe aji na huɗu, na motocin haɗin gida da injinsu bai wuce cc 1600 ba. Shugaban ƙungiyar ya ce ba sa buɗe aji sai da mota uku. Akwai wani malami daga Kaduna da ya yi motar yashi a kan ƙwarangwal ɗin Volkswagen Beetle, injinsa cc 1584, ya ce yana ciki. Akwai wani matashi mai Starlet da ya yanke rufinta ya cire komai, ya ce shi ma, tunda nasa 1331 ne. Injiniyan ya ce a buɗe bonet. Turbo ne a jikin injin. Ya bayyana masa cewa injin fetur mai turbo ana ninka girmansa sau 1.7 kafin a ba shi aji, yadda FIA take yi, don haka nasa 2263 yake a lissafi, buɗaɗɗen aji ne gidansa. Yaron bai ji daɗi ba, na kuma fahimce shi sarai. Muka koma mu biyu. Sai ana saura kwana biyar wasu ɗalibai suka kawo wata 'yar mota da suka haɗa da injin Golf mai cc 1600, ta tsallake dubawa da ƙyar bayan sun sake layin birki. Aji ya tabbata.

Ranar gasar mun bar Zariya bayan sallar asuba. Kowa zagaye uku yake da shi, a ɗauki mafi kyau. A na farko, kwana ta huɗu, bayan motar ya kufce, na juya sau ɗaya da rabi na tsaya ina kallon inda na fito. Da na dawo, malamin mai Beetle ya zo ya danna tayata da babban yatsa, ya tambaye ni iska nawa na sa. Mai faci ne ya cika su 35, yadda yake yi wa kowace mota. Ya ce, "Haba Malam, motar da ba ta kai buhu shida ba? Sauke ta zuwa 18." Na sauke. A zagaye na biyu sai na ji kamar an sauya mani mota. Inda na kalla nan take bi, birki kuwa sai na wuce inda BMW suke fara takawa da tsawon mota biyu kafin in taɓa nawa. A miƙaƙƙen layi sun fi ni, babu musu, amma layin gajere ne, kwana kuma goma sha ɗaya ce. Na zo na ɗaya a ajinmu na mutum uku. Abin da ya fi faranta mani rai shi ne da aka jera lokutan kowa da kowa, motoci huɗu ne kawai suka sha gabana, dukkansu daga buɗaɗɗen aji, kuma ƙaramin cikinsu ya ninka ni ƙarfin doki.

A zagaye na uku, a doguwar kwanar dama, fitilar baƙin mai ta yi ƙifta sau biyu. Na ɗaga ƙafa na ƙarasa a hankali. Farantin da muka sa a kasko bai isa ba ke nan, sai an yi masa ƙofofi masu buɗewa gefe guda. Kaskon yana kan bencin Baba yanzu, mun zana inda za a yanka.

Injin Fijo kuwa wani mai a-kori-kura da ke jigilar tumatir daga Hunƙuyi ya saye shi, yana aiki lafiya.

Shekaranjiya malamin mai Beetle ya kira ni. Ya ce an yi masa tayin fistin da silinda masu faɗin milimita 90.5, waɗanda za su kai injinsa cc 1776, yana neman shawarata. Na ce masa motarsa za ta ƙara ƙarfi, babu shakka, amma ranar da ya ɗaura su ya fita daga ajinmu, mu koma mu biyu, ajin ya rushe, mu duka mu tafi wurin masu BMW. Na ce kafin ya kashe kuɗin ya kawo ta Muciya mu ɗora ta a sikeli, domin na ga kujerun ƙarfe da batirin babbar mota da yake yawo da su. Ya ce zai shigo ranar Asabar bayan azahar, na aika ƙanena Ɗan Magaji ya sanar da mai siton.